Baƙin Ceri: Bishiyar da Alherinta da Sharrinta Suka Rataya ga Inda Aka Dasa Ta

A yawancin gonakin gabashin Amurka, tsuntsaye ne ke shuka baƙin ceri. Su ci 'ya'yansa a daji, su zo su sauka a kan wayar shinge, su kasayar da ƙwallon, bayan shekara ɗaya ko biyu sai tsiro ya ɓullo a gindin dirka. Shi ya sa wanda ya bi hanyoyin karkara a jihohin Pensilbaniya da Ohayo da Kentaki zai ga bishiyar a jere bisa iyakokin gonaki, ko da shingen kansa ya daɗe da rushewa.

Mutanen ƙasar ba su taɓa zama baki ɗaya a kanta ba. Kafinta na sayen katakonta da tsada. Makiyayi na sare ta tun tana ƙarama don tsoron gubar ganyenta. Masu kiwon dawakin sukuwa a Kentaki ba su manta da asarar da ta biyo ta kanta a shekarar 2001 ba. A 'yan shekarun nan kuma an samu wani rukuni: masu ƙananan gidajen gona, waɗanda ke da eka ɗaya zuwa biyar, da kaji da ɗan lambu, wani lokaci da awaki, suna ciyar da iyalinsu da abin da suka noma. Su da kansu suke neman dashenta. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma abin da ke raba riba da asara a sha'anin wannan bishiya shi ne wurin da take tsaye.

Wace irin bishiya ce?

Masana tsirrai na kiranta Prunus serotina. Ita ce mafi girma a cikin dangin ceri na asalin Amurka ta Arewa. Tana fitowa daga kudu maso gabashin Kanada har Fulorida, ta yi yamma zuwa Minesota da Tekzas, kuma wani jinsinta na nan a tsaunukan Meziko da Gwatemala, inda ake sayar da 'ya'yansa a kasuwa. Ta bambanta da manyan ceri masu zaƙi da ake gani a kantuna, waɗanda asalinsu daga Turai da yammacin Asiya ne. 'Ya'yan baƙin ceri ƙanana ne, faɗinsu bai cika wuce santimita ɗaya ba, rabin cikin ma ƙwallo ne.

A fili takan kai tsawon mita 15 zuwa 24. A cikin daji mai ƙasa mai kyau tana wuce mita 30. Tana fure a watan Afrilu ko Mayu, gwargwadon yanki, bayan ganye ya riga ya fito. Furannin farare ne ƙanana, a jere a kan zangarniya mai reto. 'Ya'yan kan fara da kore, su koma ja, su nuna baƙi wuluk a watan Agusta ko Satumba.

Gane ta ba wuya. Ƙaramar bishiya ɓawonta sumul yake, da 'yan zane-zane a kwance. Idan ta tsufa sai ɓawon ya yi duhu ya tsattsage, ya zama ɓarɓashi masu lanƙwasassun baki. A bayan ganye, gefen jijiyar tsakiya, akwai ɗan gashi mai launin tsatsa. Idan kuma aka kankare ɗanyen reshe da farce, wani ƙamshi mai ɗaci zai tashi. Wannan ƙamshin shi ne alamar sinadarin da ke kare bishiyar daga masu cin ganyenta, kuma shi ne tushen haɗarinta.

Yadda ta zama arzikin Alegeni

Babu inda baƙin ceri ya yi suna kamar tudun Alegeni, a arewa maso yammacin Pensilbaniya da makwabciyarta New York. Kafin zuwan masu saran itace, dazukan yankin na hemlok ne da bic, bishiyoyi masu inuwa mai duhu, kuma baƙin ceri tsiraru ne a cikinsu, domin ba ya jure inuwa. Daga wajen 1890 zuwa 1930 aka yi wa dajin aski. Majemu sun kwashe ɓawon hemlok don jimar fata, masu katako sun kwashe gungume, masana'antun da ke tatsar sinadarai daga itace kuma suka share ƙanana da suka rage. Lokacin da Shugaba Calvin Coolidge ya kafa Gandun Dajin Ƙasa na Alegeni a 1923, yawancin filin kututture ne da sarƙaƙiya.

A wannan fili da rana ta buɗe wa, baƙin ceri ya samu abin da yake so. Ya tsiro da yawa, ya yi rige-rigen neman haske, cunkoso ya tilasta masa miƙewa sak ba tare da rassa a ƙasa ba. Bayan shekara sittin zuwa tamanin, dajin da yanzu ya haura eka 500,000 ya zama matattarar katakon ceri mafi daraja a duniya, har garin Kane da ke yankin na yi wa kansa kirari da hedikwatar baƙin ceri ta duniya. Katakon ja ne mai sirkin ruwan ƙasa, yana da laushin aiki, ba ya yawan karkacewa, kuma yana ƙara duhu da kyau idan ya sha haske. Tun zamanin mulkin mallakar Ingila kafintocin Amurka ke yin tebura da kabad da shi a madadin mahogani da ake shigowa da shi daga waje.

Sai dai yanayin da ya ɗaukaka bishiyar a Alegeni bai dawwama ba. A 2021 wasu masana, ciki har da na hukumar gandun daji ta Amurka, sun wallafa binciken da ya nuna cewa baƙin ceri na ja da baya a yankin, wajen girma da wajen fitar sabon tsiro. Daga cikin dalilan da suka kawo akwai raguwar sinadarin naitirojin da hayaƙin masana'antu ke zubarwa a ƙasa a da, wanda ya ragu bayan gyaran dokar tsabtar iska ta 1990. Bishiyar mai son naitirojin ce. Darasin ga mai gidan gona a fili yake: haske da ƙasa mai ƙarfi ne ginshiƙinta.

Abin da ya sa aka waiwaye ta

Sha'awar da masu gidajen gona ke yi mata yanzu ta samo asali ne daga tsutsa da tsuntsu. A 2007 Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya fitar da littafinsa Bringing Nature Home, inda ya nuna cewa yawancin ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya rayuwa sai a kan tsirran da suka taso tare da su tun fil azal. Bishiyar ado da aka kawo daga Asiya ko Turai na iya ƙawata harabar gida, amma kusan babu tsutsar ƙasar da za ta ci ganyenta. Shi da abokan aikinsa sun ƙirga cewa dangin ceri na asali na ciyar da tsutsotsin malam-buɗe-littafi, na rana da na dare, sama da iri 450. Itacen ok ne kaɗai ya fi su a gabashin ƙasar.

Muhimmancin wannan na bayyana a sheƙa. Yawancin tsuntsayen tudu, har masu cin tsaba, da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, musamman tsutsa mai laushi. Tallamy ya yi lissafin cewa ɗan ƙaramin tsuntsun nan cikadi, mace da namiji, na buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin su yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya. Da aka wallafa a 2019 cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, sai maganar ta shiga kunnen jama'a. Mutane da yawa suka fara rage filin ciyawar ado da ake aske wa kullum, suna dasa itatuwan ƙasar a gurbinsa.

Baƙin ceri na ciyarwa sau uku a shekara. Furensa na jawo ƙudan zuma da ƙananan ƙudaje masu ɗaukar barbarar fure, waɗanda ke amfanar lambun gidan ma. Ganyensa na ciyar da tsutsa a lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. 'Ya'yansa kuma na nuna daidai lokacin da tsuntsaye masu ƙaura ke tara kitse don tafiya kudu, kuma talo-talon daji da yanyawa da beyar duk suna ci. Itatuwan da ke yin duk wannan cikin ƙanƙanen lokaci bayan dasawa ba su da yawa.

Gubar da ke cikin ganye

Kafin a haƙa rami, sai an san haɗarin. Ganyen baƙin ceri da ɓawonsa da ƙwallonsa na ɗauke da sinadaran da ke rikiɗewa su zama gubar sayanayid idan aka farfasa su. Irin gubar nan ce ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba, da gyauron dawa da makiyayanmu ke kore shanu daga gare shi. Ganyen da ya yi yaushi ya fi kowane haɗari, domin a lokacin ne gubar ke fita da yawa, kuma dabba ta fi sha'awarsa.

Dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, sun fi saurin kamuwa, domin ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu na gaggauta sakin gubar. Ita kuwa hana jiki amfani da iskar numfashi take yi. Dabba ta kama haki, ta yi tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure, wani lokaci ta mutu kafin likitan dabbobi ya iso. Yawancin asarar na zuwa ne bayan guguwa ta karyo reshe cikin makiyaya, ko bayan mai gona ya sassabe shinge ya bar ganyen a inda dabbobi za su kai baki. Saboda haka manoman da suka san bishiyar kan zaga shinge da sassafe bayan kowace iska mai ƙarfi, kafin a saki dabbobi.

Labarin Kentaki ya nuna wata hanyar da cutarwa ke biyowa. A ƙarshen Afrilu da Mayun 2001, goɗiyoyi masu ciki a gonakin dawakin sukuwa da ke kewayen birnin Lexington suka kama ɓari, har aka rasa dubban duƙusai. Da farko an zargi gubar ganyen ceri. Binciken Jami'ar Kentaki ya gano cewa mai laifin wata tsutsa ce mai gashi da ke saƙa farar rumfa a rassan ceri, wadda ta yi ambaliya a shekarar. Idan ta gama cin ganye sai ta sauko ta bazu cikin ciyawa, goɗiya ta haɗiye ta. Gashin tsutsar na huda bangon hanji, ƙwayoyin cuta su bi jini su isa mahaifa. Tun daga nan gonakin dawaki da yawa suka sare bishiyoyin ceri da ke gefen makiyayarsu, wasu kuma na kawar da goɗiyoyi masu ciki daga kusa da su a watannin tsutsa.

Mai gidan gona da ke kiwo ba ya buƙatar haƙura da bishiyar baki ɗaya. Abin da ake so shi ne ya auna tsawon da za ta kai idan ta girma, ya dasa ta nesa da garke da makiyaya fiye da wannan tsawon, ta yadda ko ta faɗi ganyenta ba zai tsallaka shinge ba. Idan filin bai kai ya ba da wannan tazarar ba, to dabbobi sun fi cancanta da wurin.

Daga ƙwallo zuwa dashe

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba abin da tsuntsaye suka riga suka shuka. Tsiron da ya fito a wurin da ya dace, kewaye shi kawai za a yi a nome ciyawar gindinsa. Wanda ya fito a wurin da bai dace ba, a cire shi da saiwarsa tun bai wuce shekara biyu ba, a lokacin da ya zubar da ganye yana barcin sanyi, a mayar da shi inda ake so.

Mai son shuka ƙwallo sai ya tara nunannun 'ya'ya, ya murje naman cikin ruwa, ya zubar da duk ƙwallon da ya taso sama. Ƙwallon ba ya tsira sai ya sha sanyi mai danshi na kimanin kwana 120. Ko dai a binne shi a kaka, zurfin santimita ɗaya zuwa biyu, a rufe da ragar waya saboda ɓeraye da kurege, hunturu ya yi aikinsa. Ko kuma a cakuɗa shi da yashi mai laima a ajiye a firji, tsakanin digiri 1 zuwa 5, a shuka idan sanyi ya wuce. Wannan buƙatar sanyi na cikin dalilan da suka sa bishiyar ba ta ƙasashenmu masu zafi ba ce. Ga wanda ba ya son jira, hukumomin gandun daji na jihohi da yawa na sayar da dashe mai tsirarar saiwa a dami da araha, a dasa a watan Maris ko Afrilu kafin ya yi toho.

Wurin dashe na son rana sosai da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A guji gindin tsohuwar bishiyar ceri. Masana a Jami'ar Indiyana sun nuna a shekarar 2000 cewa wata ƙwayar cuta mai ruɓar da saiwa, Pythium, na taruwa a ƙasar da ke kewaye da uwar bishiya, tana kashe yawancin tsiron da ya fito a nan. A kuma nisanta da ɗaki da wurin ajiye mota da igiyar shanya: saiwar ba ta nutsewa da zurfi, iska kan tumɓuke manyan bishiyoyi, 'ya'yan da kashin tsuntsayen da suka ci su kuma na rina duk abin da suka faɗa wa. Bishiya biyu ko uku sun fi ɗaya ba da 'ya'ya, domin ƙwari na kai barbara daga wannan zuwa waccan.

Shekarun farko su ne masu wuya. Barewa na cin toho, zomo da ɓera na gaigayar ɓawo a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Kejin waya mai tsawon mita ɗaya da rabi na tsare dashen har ya wuce bakin barewa. Ban ruwa a ranin farko da shimfiɗa ɓawon itace a gindi, ba tare da ya taɓa jikin bishiyar ba, sun wadatar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne mai dashe zai yanke shawara. Idan 'ya'ya da inuwa yake so, ya ba ta sarari ta baje rassa. Idan gungume miƙaƙƙe yake so, ya dasa kusa da juna, ya bar kai ɗaya ya yi sama, ya riƙa rage rassan ƙasa tun suna sirara. Babban rauni a jikin ceri na zubar da ƙaro, ya bar tabo a katako. Akwai kuma cutar baƙin ƙulli, wani nau'in fumfuna da ke kumbura reshe ya yi baƙi. Maganinta a datse reshen can ƙasa da ƙullin a lokacin sanyi, a ƙone shi. Tsutsar rumfa kuwa, in babu goɗiya mai ciki a kusa, ba ta cika kashe bishiya mai lafiya ba. Ganye kan sake fitowa, tsuntsaye kuma su rage ta.

'Ya'ya, ɓawo da katako

Bishiyar kan fara 'ya'ya tana kimanin shekara 10, ta fi yawan yi tsakanin shekara 30 zuwa 100, kuma ba kowace shekara take cika ba. Naman nunannen ɗa babu guba a cikinsa, sai dai yana da ɗaci-ɗaci da bauri. Masu gidajen gona kan shimfiɗa zane a ƙasa su girgiza rassa, su dafa 'ya'yan da ɗan ruwa, su tace, su ƙara sukari ya yi kauri a shafa wa burodi, ko a bar shi a tsinke a surka a sha. Sharaɗin shi ne kada a niƙa ƙwallon tare da naman, kuma a hana yara tauna shi.

Mutanen asali na Amurka, irin su Ceroki da Irokwa, sun daɗe suna amfani da ɓawon ciki don tari da mura, kuma daga gare su ya shiga littattafan harhaɗa magunguna na ƙasar a ƙarni na 19. Amma ɓawon na ɗauke da gubar nan ta ganye, don haka haɗa shi a gida ba aikin wanda bai ƙware ba ne.

Game da katako, ya kamata a faɗi gaskiya. Gungumen da zai yi kuɗi na ɗaukar shekara sittin zuwa sama, kuma masu injin yanka katako kan guji bishiyar da ta girma a gida ko a shinge, domin ƙusa ko wayar da jikinta ya haɗiye na lalata zarto. Abin da mai gida zai fi samu shi ne itacen girki mai kyau daga rassan da aka rage, gutsattsarin da ake banda nama da su saboda ƙamshin hayaƙinsu, da kuma, in an kula da ita, katakon da jikoki za su ba kafintan gari ya yi musu tebur.

Da ta tsallaka teku

An kai baƙin ceri Turai a ƙarni na 17 don ado. Daga baya, musamman a rabin farko na ƙarni na 20, ma'aikatan gandun daji a Holan da Jamus da Beljiyam suka dasa shi da yawa a ƙarƙashin dazukan fayin da ke kan ƙasa mai yashi, da nufin ganyensa ya gyara ƙasa. Can bai tarar da cututtukan saiwa masu ƙarfin na gida da ke taka masa birki ba. Ya bazu ya zama kurmi mai kauri, ya hana itatuwan ƙasar fitowa, ga shi ko an sare shi kututturen na sake tohowa. Mutanen Holan suka sa masa suna annobar daji, kuma har yau ana kashe kuɗi wajen rage shi.

A Pensilbaniya bishiyar na da masu cinta da masu rage ta da masu yaɗa ta, duk sun saba da juna, shi ya sa take da amfani a can. Mai gidan gona a gabashin Amurka da ke da kusurwa mai rana, nesa da dabbobi da ɗaki, zai yi wuya ya samu itacen da zai rama masa ɗawainiya da sauri kamar wannan. Wanda ke zaune a wata ƙasa kuma, abin da ya dace ya ɗauka daga labarin shi ne tambayoyin da za a yi wa kowace bishiya kafin a dasa ta: 'yar wurin ce, wa za ta ciyar, wa za ta iya cutarwa, kuma ina girmanta zai kai nan da shekara talatin. Idan amsoshin sun yi daidai, sai a haƙa rami a sa keji.